George Gershwin: Mai tallar waƙa da ya kai jaz zauren manya

A daren 3 ga Janairun 1924, George Gershwin yana wasan sunuka da wani abokinsa a unguwar Broadway ta birnin New York, wansa Ira kuma yana gefe yana duba jaridar New York Tribune ta washegari, wadda ta riga ta fito kasuwa. Can sai Ira ya ci karo da wani ɗan labari da ya shafi ƙanensa. Jaridar ta sanar cewa Paul Whiteman, shugaban ƙungiyar makaɗan rawa mafi tashe a Amurka a lokacin, zai shirya babban taron kiɗa ranar 12 ga Fabrairu, kuma Gershwin ya duƙufa kan rubuta wani dogon kiɗa na jaz domin taron. Alhali Gershwin bai rubuta ko layi ɗaya ba. Sun taɓa yin zancen da Whiteman sama-sama ba tare da tsayar da rana ba, ga shi kuma hannunsa cike yake da aikin wani wasan dandali. Da gari ya waye ya buga wa Whiteman waya da niyyar zamewa, amma Whiteman ya shaida masa cewa abokin hamayyarsa Vincent Lopez na shirin riga shi yin irin wannan taro, don haka ba za a ɗage ranar ba. Ranar 7 ga Janairu Gershwin ya zauna ya fara aiki. Shekarunsa 25, kuma mako biyar kacal ya rage masa.

Abin da ya fito daga wannan gaggawa shi ne Rhapsody in Blue, kiɗan da ya sauya rayuwarsa. Daga ranar har zuwa rasuwarsa bayan shekara 13, Gershwin ya zauna a tsakanin gidaje biyu na kiɗa, kowane gida yana yi masa kallon baƙo. Masanan kiɗan Turai suna ganin ba shi da ilimin da zai shiga sahunsu, wasu makaɗan baƙar fata kuma suna ganin da kayansu yake ado. Bai tsaya jayayya da kowa ba. Ya riƙa neman malamai yana komawa kujerar ɗalibi, ko da a lokacin da babu mai tsara kiɗa a Amurka da ya kai shi suna.

Yaron titi da fiyanon wansa

An haife shi ranar 26 ga Satumban 1898 a Brooklyn, aka raɗa masa suna Jacob. Iyayensa, Morris da Rose, Yahudawa ne da suka yi hijira daga daular Rasha. Mahaifin mutum ne mai yawan sauya sana'a: yau gidan abinci, gobe gidan burodi, jibi gidan wanka. Da yake yana son zama kusa da wurin aikinsa, iyalin sun sauya gida sama da sau 20 kafin George ya zama saurayi. Ira, wanda ya girme shi da kusan shekara biyu, mai son karatu ne da kaɗaici. George kuwa a titi ya tashi, wajen tsere da faɗa da gudun makaranta.

Yana ɗan shekara 10 ya ji wani ɗan makarantarsu, Maxie Rosenzweig, yana goga biyolin, wato gogen Turawa, abin ya shiga ransa. A 1910 aka sayo fiyano a gidan domin Ira. Ana shigo da shi sai George ya zauna ya kaɗa wata waƙa da ake yayi, domin ashe ya daɗe yana koyo a ɓoye a gidan wani abokinsa. Ira ya bar masa kujerar ba tare da gardama ba. Bayan malamai biyu ko uku na unguwa, sai ya haɗu da Charles Hambitzer, wanda ya gyara masa zaman yatsu, ya buɗe masa ayyukan Chopin da Liszt da Debussy, ya kuma riƙa tura shi zaurukan kiɗa don ya saurara. Hambitzer ya ci gaba da zama jagoransa har ya rasu a 1918.

Yana ɗan shekara 15 ya bar makarantar sakandare ya kama aiki a kamfanin buga waƙoƙi na Jerome H. Remick, a layin da ake kira Tin Pan Alley, a kan albashin dala 15 a mako. A wancan zamani takardar waƙa ake sayarwa fiye da faifai, mutane su kai gida su kaɗa da kansu. Aikin Gershwin shi ne ya zauna a wani ɗan ɗaki daga safe zuwa yamma yana kaɗa sababbin waƙoƙin kamfanin ga duk mawaƙin da ya shigo, yana ɗaga sauti ko sauke shi daidai da muryar kowa. Aiki ne mai gajiyarwa, amma a nan ya koyi sarrafa waƙa nan take, ya kuma gane abin da ke kama kunnen jama'a. An buga waƙarsa ta farko a 1916. A 1918 Max Dreyfus na kamfanin T. B. Harms ya ɗauke shi a kan dala 35 a mako don ya riƙa rubuta waƙoƙi kawai. A 1919 ya tsara Swanee tare da marubuci Irving Caesar, kuma da mawaƙi Al Jolson ya sa ta a faifai a 1920 sai ta karaɗe ƙasar, Gershwin ya yi kuɗi yana ɗan shekara 21.

Katanga tsakanin kiɗa biyu

Domin a gane girman abin da ya yi a 1924, sai an san yadda aka raba kiɗa a Amurka ta wancan lokaci. A gefe guda akwai kiɗan kilasik da aka gada daga Turai. Mai tsarawa yana rubuta kowane sauti a takarda, ya raba wa makaɗa 80 ko fiye, kowa ya bi abin da aka rubuta masa. Gwaninta a nan ita ce a ɗauki ɗan gajeren amo a juya shi, a faɗaɗa shi, a gina kiɗa na rabin sa'a a kansa ba tare da ginin ya rushe ba. Ana sauraronsa a zaune, shiru, cikin manyan zauruka.

A ɗaya gefen akwai jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka haifa a New Orleans daga bulus da ragtaim da waƙoƙin coci da kiɗan fareti. A jaz ana sa nauyin bugu a inda kunne bai zata ba, ana lanƙwasa wasu sautuka su ɗan sauka ƙasa da inda fiyanon Turai ya ajiye su, makaɗi kuma yana ƙirƙirar nasa a take. Masu faɗa a ji a harkar kiɗa sun ɗauke shi kiɗan gidan rawa da mashaya, kuma wariyar launin fata ta ƙara wa wannan raini ƙarfi.

Gershwin ya san gidajen biyu. Yana zuwa Harlem yana sauraron gwanayen fiyano irin su James P. Johnson da Willie Smith da Luckey Roberts, yana kuma ɗaukar darasin ƙa'idojin jituwar sauti a wurin Edward Kilenyi. Yunƙurinsa na farko na haɗa su bai yi nasara ba. A 1922 ya rubuta Blue Monday, gajeriyar opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa daga farko zuwa ƙarshe, a kan rayuwar Harlem. Fararen fata ne suka fito a cikinta sun shafa baƙi a fuska, kamar yadda aka saba a lokacin, kuma bayan dare ɗaya aka cire ta daga shirin. Amma Paul Whiteman yana cikin shirin, kuma bai manta da yaron ba.

Ranar 12 ga Fabrairu

Rhapsody in Blue ba aikin mutum ɗaya ba ne. Gershwin yana rubuta shi a tsarin fiyano biyu, Ferde Grofé, mai raba wa makaɗan Whiteman kiɗa, yana zuwa gidan yana karɓar shafukan yana rarraba su ga kayan busa da na bugu da na gogawa. Ira ne ya ba da shawarar sunan, bayan ya ga baje kolin zane-zanen James McNeill Whistler, wanda kan sa wa zanensa sunan kiɗa haɗe da launi. Hatta buɗewar kiɗan, wadda a yau aka fi saninsa da ita, a wajen gwaji aka same ta. Gershwin ya rubuta wa mai busa kilarinet jerin sautuka masu hawa ɗaya bayan ɗaya, sai mai busar, Ross Gorman, ya ja su cikin raha ya mayar da su kuka guda mai zamewa sama. Gershwin ya ji, ya nemi a bar shi haka.

An yi taron a zauren Aeolian. Shirin ya yi tsawo, jama'a sun fara ƙosawa, wasu ma sun fara ficewa, kafin a zo kan Gershwin dab da ƙarshe. Shi ya zauna a fiyano da kansa. Akwai wuraren da bai gama rubuta nasa ɓangaren ba, Whiteman ya jira ya gyaɗa masa kai kafin ya shigo da sauran makaɗa. Zauren ya ɗauki tafi. Faifan da suka yi a watan Yuni ya sayu kwafi miliyan ɗaya kafin ƙarshen 1927.

Masu sharhi sun rabu. Wasu sun yaba sabon jini, wasu kuma, irin su Lawrence Gilman na jaridar Tribune, sun kushe shi. Sukar da ta fi yi masa ciwo ita ce cewa amo masu daɗi ne aka jera su kusa da juna ba tare da ginin da ya ɗaure su ba, kuma wani ne ya raba masa kiɗan. Akwai kuma abin da tarihi ya lura da shi daga baya: taron da aka shirya don ɗaukaka jaz, babu baƙar fata ko ɗaya a kan dandalinsa, alhali ƙungiyar Fletcher Henderson tana wasa a birnin, kuma Louis Armstrong ya shigo cikinta a ƙarshen wannan shekara.

Shahararre a kujerar ɗalibi

Ba a daɗe ba Walter Damrosch, jagoran ƙungiyar makaɗa ta New York Symphony, ya ba shi aikin rubuta cikakken kanshato, wato kiɗa mai babi uku na fiyano da babbar ƙungiya. Wannan karon Gershwin ya ƙudura cewa shi zai raba kiɗan da hannunsa. Ya yi watanni yana aikin, sannan ya ɗauki hayar makaɗa da kuɗinsa suka kaɗa masa a wani gidan wasa don ya ji kurakuransa ya gyara. An fara gabatar da Concerto in F a zauren Carnegie ranar 3 ga Disamban 1925.

Duk wannan bai hana shi aikin dandali ba. Daga Lady, Be Good! ta 1924, wadda Fred Astaire da yayarsa Adele suka fito a ciki, ya zama George ke tsara kiɗa, Ira ke sa baituka. A Girl Crazy ta 1930 suka fitar da I Got Rhythm, waƙar da jerin jituwar sautinta ya zama tubalin da makaɗan jaz suka gina ɗimbin kiɗe-kiɗe a kansa, ciki har da na Duke Ellington da Charlie Parker. A 1931 suka yi Of Thee I Sing, wasan da ya yi wa yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa da ofishin mataimakinsa shaguɓe. Shi ne wasan waƙa na farko da ya ci kyautar Pulitzer, a 1932. An ba marubutan labarin biyu da Ira, aka tsallake George, saboda a ƙa'idar kyautar rubutu ake dubawa ban da kiɗa.

A 1928 ya haɗu da Maurice Ravel na Faransa a New York, ya roƙe shi ya koyar da shi. Ravel ya ƙi, don tsoron kada horon ya kashe masa baiwarsa, ya tura shi wurin Nadia Boulanger a Faris, ita ma ta ƙi saboda wannan dalili. A tafiyar ya gana da Alban Berg a Biyana, ya kuma dawo da ham guda huɗu na motocin tasi na Faris, waɗanda ya sa a cikin An American in Paris da aka fara kaɗawa a zauren Carnegie ranar 13 ga Disamban 1928. Ravel kansa, a kanshaton fiyano da ya kammala a 1931, ya ɗebi launin jaz a fili.

Ƙin da manyan suka yi bai sa ya haƙura ba. Daga 1932 zuwa 1936 ya yi karatu a wurin Joseph Schillinger, malamin da ke koyar da tsara kiɗa ta hanyar lissafi, yana yin aikin gida a littafin rubutu kamar ɗan makaranta. A shekarar da ya fara wannan karatu, sama da mutum 17,000 suka cika filin Lewisohn a New York don sauraron ayyukansa shi kaɗai, ciki har da sabon kiɗan da ya rubuta bayan ziyarar Kyuba.

Porgy and Bess

Tun a 1926 ya karanta littafin Porgy na DuBose Heyward, labarin wani gurgu mabaraci a unguwar masunta baƙaƙen fata a Charleston ta jihar South Carolina, ya ga opera a cikinsa. Sai bayan shekara bakwai ya ji ya isa ya taɓa shi. A bazarar 1934 ya tare a tsibirin Folly kusa da Charleston na tsawon makonni, yana halartar majami'un al'ummar Gullah, jikokin bayin da suka riƙe harshe da salon waƙa masu jijiya a Afirka ta Yamma. Ya saurari yadda suke addu'a da muryoyi da yawa a lokaci guda, kowa da nasa amo, ya sa irin wannan a cikin aikin.

Ya dage cewa mawaƙa baƙaƙen fata masu horo ne za su rera ta. Ya ɗauko Todd Duncan, malamin kiɗa a Jami'ar Howard, da Anne Brown, ɗalibar makarantar Juilliard, tare da ƙungiyar mawaƙa ta Eva Jessye. An buɗe a Boston ranar 30 ga Satumban 1935, sannan a New York ranar 10 ga Oktoba. An yi wasa 124 aka rufe, waɗanda suka zuba jari, har da shi kansa, suka yi asara. Masu sharhin kilasik sun ce waƙoƙin dandali ne aka yi wa rigar opera. Wasu masana baƙaƙen fata, irin su Hall Johnson, sun ce baƙo ne ya zana su daga waje, wasu kuma sun yi ƙorafin cewa labarin ya cika nuna su da caca da ƙwaya da kisa. Wannan muhawara tana nan har yau.

A watan Maris na 1936 wasan ya isa babban birnin tarayya, Washington, inda gidan wasa na National ba ya barin baƙar fata shiga kallo. Duncan, wanda mazaunin birnin ne, ya ce ba zai hau dandalin da aka hana danginsa kujera ba, Anne Brown da sauran 'yan wasa suka mara masa baya. Hukumar gidan ta yi tayin ware wasu ranaku, sannan ta yi tayin ware kujerun can sama, duka suka ƙi. A ƙarshe aka buɗe ƙofa ga kowa a karon farko a tarihin gidan. Da wasan ya tashi aka mayar da tsohuwar doka.

Ciwon kan da ba a gane ba

A watan Agustan 1936 George da Ira suka koma Kalifoniya don rubuta wa Fred Astaire da Ginger Rogers waƙoƙin fim. A can George yana buga tanis da Arnold Schoenberg, wanda ya baro Jamus bayan hawan 'yan Nazi, har ya zana hotonsa, domin shi ma mai zane ne. Yana ta zancen komawa New York ya rubuta kiɗan goge huɗu da wasu manyan ayyuka.

A farkon 1937 yana kaɗa Concerto in F a bainar jama'a sai ya ɓace na ɗan lokaci, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Ya fara ƙorafin ciwon kai mai tsanani da jin warin ƙonanniyar roba. A watan Yuni likitoci suka duba shi ba su ga komai ba, suka danganta abin da damuwa, shi kuma ya ƙi yarda a ɗebi ruwan lakarsa don gwaji. Wasu na kusa da shi sun zaci ɓacin ran Hollywood ne kawai. Ranar 9 ga Yuli ya faɗi cikin doguwar suma, aka kai shi asibitin Cedars of Lebanon a Los Angeles, a nan aka gane ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Aka shiga neman Walter Dandy, ɗaya daga cikin manyan likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar, wanda ke cikin jirgin ruwa a mashigin Chesapeake. Sai da fadar White House ta sa baki masu tsaron gaɓar teku suka nemo shi, amma kafin ya kama hanyar Kalifoniya lokaci ya ƙure, likitocin da ke wurin suka yi tiyatar. Gershwin bai farfaɗo ba. Ya rasu da safiyar 11 ga Yulin 1937 yana da shekara 38, bai yi aure ba, bai bar wasiyya ba. An yi jana'izarsa a New York ranar 15 ga Yuli.

Abin da ya bari

Hukuncin da bai samu yana raye ba ya zo a hankali. Daga 1952 zuwa 1956 wata tawaga ta zaga duniya da Porgy and Bess, da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka a wasu sassan tafiyar, ta je Landan da Alƙahira da zauren La Scala na Milan da Tarayyar Sobiyet. A 1976 gidan opera na Houston ya gabatar da ita cikakkiya kamar yadda ya rubuta, gidan Metropolitan na New York kuma ya karɓe ta a 1985, shekara 50 bayan fitowarta. Makaɗan jaz ma sun ɗauke ta: Louis Armstrong da Ella Fitzgerald sun yi faifai a kanta, haka ma Miles Davis da Gil Evans a 1958. A 1998 hukumar Pulitzer ta ba shi lambar yabo ta musamman, shekara 66 bayan an tsallake sunansa.

Kiɗansa ya taɓa Nijeriya tun yana raye. A 1936 a Landan, Fela Sowande, wanda ya tafi Ingila shekara biyu kafin nan kuma yake kaɗa jaz yana karatun kiɗan Turai, shi ne ya zauna a fiyano aka gabatar da Rhapsody in Blue. Daga baya Sowande ya rubuta African Suite, inda ya ɗora amon Afirka ta Yamma a kan kayan gogen Turai, ya kuma dawo gida a shekarun 1950 ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya.

Ira ya rayu har 1983, ya shafe shekaru yana tattara takardun ƙanensa yana rubuta bayani a kan kowace, yana miƙa su ga ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a Washington. Tun 2007 wannan ɗakin karatu yake ba da kyautar waƙa mai ɗauke da sunan 'yan'uwan biyu. A can aka ajiye fiyanon George da teburin aikinsa da rubutun Rhapsody in Blue na hannunsa. Tare da su akwai littattafan aikin gida da ya yi wa Kilenyi yana saurayi, da waɗanda ya yi wa Schillinger a shekarun da yake rubuta Porgy and Bess.